Tayar da tsohuwar Land Rover ta soja daga tsatsa: yadda ake bin bodin daki-daki

Motar kawuna ta shekara goma sha ɗaya a gindin dogon yaro a bayan gidanmu na Yalwa, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mayar da bayanta akurki. Land Rover ce doguwa, Series III, mai inci 109 tsakanin ƙafar gaba da ta baya. Daga hannun soja ta fito. A gwanjo ya saye ta bayan ya yi ritaya, ya riƙa jigilar taki da masara da ita tsakanin Bauchi da gonarsa ta hanyar Dass har ƙarfinsa ya ƙare. Duk wanda ya zo mana ta'aziyya ya leƙa ta, magana ɗaya yake yi: "Ai wannan garau take, taya da batir kawai take so." Ni ma haka na ɗauka, don ko huda ɗaya babu a jikin ƙofofinta.

Sai na ɗauko wani dattijon fanel bita, cikin tsofaffin da suka koyi aikin ƙarfe lokacin da kamfanin Steyr ke haɗa manyan motoci da taraktoci a nan Bauchi. Ko kallon ƙofofin bai yi ba. Ya shimfiɗa buhu, ya kwanta rigingine a ƙarƙashinta da 'yar gudumarsa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen baya sau ɗaya. Garin tsatsa da busasshiyar laka suka zubo masa a ƙirji, sun kai rabin mudu.

"Ɗana, wa ya ce maka garau take?"

"Baba, ai na ga jikin babu tsatsa."

"Jikin dama ba ya tsatsa. Riga ce. Ƙashin nake tambaya."

Wata tara muka yi a kanta, Asabar da Lahadi da 'yan yammacin da na samu. Abin da na koya shi zan shimfiɗa a nan.

Riga da ƙashi

Land Rover ta fara fita a 1948, daga masana'antar Solihull a Ingila, lokacin da ƙarfe ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa aka yi fatar bodin da sanholo, wato alminiyam, wani haɗi mai suna Birmabright da aka cuɗa da ɗan maganisiyam. Haka aka tafi har Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Fenda, bonet, fatar ƙofa, akwatin baya, duk sanholo ne, ba ya jan tsatsa. Amma cesis, wato ƙashin da duk motar ke zaune a kai, ƙarfe ne. Bangon da ya raba inji da mazaunin direba, wanda ke riƙe da sitiyari da fedojin birki da gilashin gaba da hinjin ƙofofi, shi ma ƙarfe ne. Firam ɗin cikin ƙofa, gidan lagireto, mazaunin batir, da ƙarafan da ke tallafe akwatin baya ta ƙasa, duk ƙarfe ne. Can ɓarnar take, inda ido ba ya kaiwa.

Mu nan ba mu da gishirin da Turawa ke watsa wa titi lokacin ƙanƙara, ba mu da iskar teku irin ta Legas, shi ya sa mutane ke ganin motar Arewa ba ta ruɓewa. Tana ruɓewa, ta ciki. Cesis ɗin Land Rover kamar dogon akwati yake, ƙarfe mai kaurin kusan milimita 2 da aka rufe ta gefe huɗu. Da damina laka ta shiga ta ramukansa, ta zauna, ta toshe ƙofofin da ruwa zai fita. Waje ya bushe cikin awa guda, ciki kuwa damshi na nan har hunturu. Ƙara da taki da aka ɗauka a baya, musamman na zamani, wanda ke cin ƙarfe kamar gara, da ruwan batir da ke ɗiga, da ganyen da ke taruwa a lungu.

In taka Jeep ce irin ta Willys, ko Pinzgauer ta Ostiriya, bodin gaba ɗaya ƙarfe ne. Abin da zan faɗa kan cesis da bango ya shafe ka, na sanholo ka tsallake.

Kafin ka kwance noti ɗaya

Fara da takarda. Motar da ta fito daga soja sai ka riƙe shaidar gwanjonta, ka kuma nemo lambar cesis ka gwada da abin da ke rubuce. A irin waɗannan motoci an buga lambar a ƙarfen da ke riƙe da sifirin gaba ta hannun dama, akwai kuma ɗan allo a jikin bango. Goge wurin da buroshin waya, ɗauki hoto, ka zagaye shi da alli, ka gaya wa mai walda da babbar murya cewa nan ba a yankawa. In ya yanke ya jefar, ka mayar da motar gado abar tuhuma a kowane shinge.

Na biyu, launi. Tun 1977 akwai dokar ƙasa da ta hana farar hula tuƙa mota mai launin koren soja. A garin da ke da barikin Shadawanka da makarantar tankokin yaƙi, wannan ba abin gwaji ba ne. Cire ran cewa za ka mayar da ita yadda ta fito daga bariki. Duk wata alama ko lambar soja da ta rage a jikinta ita ma ta tafi.

In sitiyarinta na dama ne, irin waɗanda suka shigo kafin Najeriya ta sauya hannun tuƙi a Afrilun 1972, to lokacin da bango ke ƙasa shi ne lokacin mayar da shi hagu. Yi wannan shawarar tun yanzu.

Sai wuri da lokaci. Kana buƙatar daɓen siminti mai lebur da rumfa a sama, wurin da mota za ta yi watanni ba a ce ka matsar ba. Fara da kaka, bayan ruwa ya ɗauke a Oktoba, don ƙarfen da ka kankare da damina kafin gari ya waye ya yi ja.

Bincike da guduma

Kai ta wanki tukuna, ko ka kawo mai injin feshin ruwa. A zura tiyo cikin kowane ramin cesis har ruwan da ke fitowa ya daina ja. Ka bar ta mako guda ta tsane.

Kayan bincike uku ne: ƙaramar guduma, tsohuwar sukundireba mai tsini, da mayen ƙarfe. Lafiyayyen ƙarfe in ka buga yana amsawa ƙal, ruɓaɓɓe sai ka ji dum, kamar ka bugi kabewa. Inda ya yi dum, soka sukundireba da ƙarfi, kada ka tausaya masa. In ta shige, gara ta shige yau da a ce sifirin ya ɓalle maka a gangaren hanyar Jos. Mayen ƙarfe kuwa shi ke tona asirin gyaran baya: duk wurin da ya kamata ya zama ƙarfe amma ya ƙi kamawa, an cusa fila an shafe da fenti.

Wuraren da za ka fi daɗewa su ne kuros memba na baya, wato ƙarfen da ya gitta ya haɗa gefe biyu na cesis, inda ake ɗaura abin ja, hannuwan da suka fito daga cesis suna ɗauke da bango da tanki, kunnuwan da sifirin ke rataye a jiki gaba da baya, ƙahonnin gaba inda bamba ke zama, matakar ƙafar direba da ta fasinja, gindin ginshiƙan ƙofa, da kusurwoyin sama na bango, ƙarƙashin gilashi, wajen 'yan tagogin nan biyu na shan iska. Zagaye kowane da alli ka ɗauki hoto.

Daga nan ka zauna ka yi wa kanka gaskiya. In hannuwa da kuros memba ne suka tafi amma dogayen ƙarafan cesis biyu na amsa guduma, aikin gyara ne. In dogayen sun zama rariya daga giya zuwa baya, nemi wani cesis. Ana dacewa da su a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko wajen 'yan gwangwan a Jos, amma ka tafi da gudumarka, kuma ka daidaita maganar lamba da takardu kafin ka biya.

Kwancewa

Cire batir. Wasu na soja, waɗanda aka yi don ɗaukar rediyo, lantarkinsu bolt 24 ne da batir biyu, ka lura kada ka haɗa kayansu da na bolt 12. Sai tanki. Na soja da yawa tanki biyu gare su, ɗaya ƙarƙashin kowace kujerar gaba. A tsiyaye, a kwance, a kai su can nesa da inda za a yi wuta. Tankin da ya shekara goma babu mai shi ne ya fi haɗari, don tururin ne ke fashewa.

Kwana uku kafin ka fara, bi kowane noti da man gas ko man giya da aka sirka da kananzir, safe da yamma. Ka kuma sani cewa yawancin notinan motar nan awon inci ne. Sifana 13 za ta zauna a kan noti mai rabin inci kamar ta yi daidai, sai ka ja ta murje kan. Nemi 7/16, 1/2 da 9/16 na ainihi. Wanda ya ƙi, a gasa shi da wuta har ya yi ja a bar shi ya huce. Wanda ya ƙi bayan wannan, a yanke, kada a ɓata yini a kansa.

Kafin komai ya motsa, ɗauki tef ka auna tazarar da ke tsakanin ginshiƙin ƙofa na bango da bakin akwatin baya, sama da ƙasa, hagu da dama. Rubuta a littafi, ka sake rubutawa a bangon gareji. Wannan awon shi zai sa ƙofarka ta rufu bayan wata tara.

Jerin kwancewa: rufi, ƙofofi, bonet, fendoji, gidan lagireto, gilashin gaba, faranten ƙasa, akwatin kujera, akwatin baya, bango a ƙarshe. Notinan kowane sashe su shiga gwangwanin madara nasu da suna a jiki. Kowace waya a liƙa mata takarda. Wayoyin fitilun baya ta cikin cesis suka bi, a zaro su, a ɗaura igiya a bakinsu yayin zarowa don ta zauna a ciki ta jawo su ranar mayarwa. Bututun birki da na mai duk a cire.

Fitar da tsatsa

Manyan ƙarafa, cesis da bango, hanya mafi kyau ita ce feshin yashi in ka sami mai injin. In babu, buroshin waya a bakin injin gurza, wanda masu walda ke kira fayilin, da haƙuri. Ko wanne ka bi, sa takunkumi na gaske mai matata da tabarau. Ƙurar yashi na taurara huhu, kuma tsohon fentin soja na iya ƙunsar dalma. Mun san abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Kada a yi wannan aikin a tsakar gida inda ake shanya tsaba, yara na rarrafe. A yayyafa ruwa, a share, a kwashe.

Ƙananan kaya irin hinji, birakiti da fedoji, jiƙa su ya fi gurza. Ruwan tsamiya mai kauri na cire tsatsa cikin kwana biyu zuwa uku. Wanda ya fi shi kuwa wannan ne: cika bokitin roba da ruwa, zuba sodar da masu haɗa sabulu ke kira soda ash, kamar cokali ɗaya a kowace lita huɗu, in babu, kanwa ma na yi. Rataya kayan a ciki ka haɗa shi da baƙar wayar cajar batir, ka tsoma wani guntun rodi a gefe ka haɗa shi da jar waya, kada su taɓa juna. Tsohuwar caja mai nauyi ake so. Kafin safiya tsatsar ta koma baƙin dauɗa da buroshi ke wankewa. A fili ake yi, don iskar da ke tashi na kama wuta, kuma ba a sa ƙarfen silba mara tsatsa a madadin rodin.

Ruwan batir kuwa kada ka bari kowa ya kawo shi kusa, duk yadda ya rantse. Abin da ake shafa wa ƙarfe bayan gurza shi ne maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, wanda ke mayar da ragowar tsatsar cikin ƙofofin ƙarfe baƙa ya kashe ta. Amma ɓawon tsatsa mai kauri ba ya jin magani. Sai an kankare.

Cesis

Nan ne na fara yin asara. Mai waldar farko da na kira, kafin na koma wajen Baba, ya zo da guntayen ƙarfen durom, ya ɗora su a kan ramukan, ya zagaye da walda, ya shafa baƙin fenti. Kyau kam ya yi. Baba ya zo ya sa kurfi ya ɓamɓare ɗaya da bugu biyu, ga tsatsar nan a ƙasa tana zaune abinta.

"Kitso da kwarkwata ke nan," in ji shi. "Kuɗinka nawa ya ci?"

Ban faɗa masa ba.

Ƙa'idar ita ce a yanke har sai an isa ƙarfe mai sheƙi mai cikakken kauri, ko da ramin zai ninka yadda ka zata sau uku. A ɗora cesis a kan kujerun ƙarfe huɗu ko shida, a daidaita da ma'aunin ruwa irin na magina. A auna shi a gicciye, daga kunnen sifirin gaba na dama zuwa na baya na hagu, sannan akasin haka. Awon biyu su zo ɗaya, kuma a riƙa maimaitawa bayan kowane babban yanka. Ba a yanke wuri biyu a lokaci guda. A gama hannu ɗaya, a koma ɗayan, don wanda ba a taɓa ba shi ne abin koyi.

Faci kuwa, yanko kwali daidai ramin, ka kwafa a kan sabon farantin ƙarfe mai milimita 2, wajen kunnen sifirin da kuros memba 2.5 ko 3. Facin ya shige cikin ramin baki da baki, kada ya hau kan tsohon ƙarfe, don tsakanin ƙarfe biyu da aka ɗora wa juna nan ruwa ke kwana. Kusurwoyinsa su zama masu lanƙwasa, bakinsa a karkace, domin walda da ta miƙe sambal daga sama zuwa ƙasan cesis nan tsagewa ke farawa in mota ta sha gargada. Da ramin ke buɗe, zura hannu ka kwashe lakar ciki, ka goge, ka shafa maganin tsatsa iya inda hannu ya kai.

Waldar lantarki ta isa wannan aikin: sanda geji 12, wuta tsakanin amfiya 60 da 80, a gwada a kan guntu tukuna. A ɗiga a kusurwoyi huɗu, a duba, sannan a riƙa ja kamar tsawon ɗan yatsa, a tsallaka ɗaya gefen, a dawo. Wanda ya zagaye faci a numfashi ɗaya zai murɗe maka cesis. Waldar tagulla ba ta da gurbi a nan ko kaɗan. Kuros memba na baya in ya ruɓe, kada a yi masa faci: a kai tsohon wajen masu lanƙwasa ƙarfe su buga sabo, a haɗa shi da 'yan ƙafafun da za su shige cikin dogayen ƙarafan. Shi ke jan tirela, shi ake ɗaura wa igiya in an kafe.

Bangon gaba

Wannan ya fi cesis wuya, don ƙarfensa siriri ne, wajen milimita 1.2, ga lunguna. Kafin a yanki komai, a ɗaure shi da angul: ɗaya a gicciye tsakanin ginshiƙan biyu ta ƙasa, biyu a karkace. Mafi kyau ma a gyara shi yana ɗaure a kan cesis ɗin da aka riga aka gama, don ramukan ƙafafunsa su zauna inda suke.

Matakar ƙafa guda ɗaya ake cirewa. Asalinta da ɗigon walda aka manne ta, sai a nemo ɗigon a huda su da diril ɗaya bayan ɗaya, ta fito salin alin. A buga sabuwa, a huda mata ramuka a baki, a matse, a cike ramukan da walda. Ta gefen direba a yi hattara da ramukan akwatin sitiyari da na fedoji. Kuskuren rabin santimita a nan, birki zai riƙa gogar ƙarfe. Idan an zo ginshiƙin ƙofa, a ɗaura ƙofar da hinjinta a gwada tun ana ɗigo, kafin a ja walda.

Injin MIG, mai walda da siririyar waya da iskar gas, shi ne sarkin wannan aikin, in akwai mai shi a kusa ka neme shi ko da ya fi tsada. Yawancin fanel bitocinmu da kabaid da oksijin suke aiki, kuma gwani na fitar da aiki mai kyau da su, sai dai zafinsu na yaɗuwa ya kumbura farantin. Baba ƙaramin baki yake sawa, ya ɗiga, ya ajiye wuta, ya daddale wurin da guduma da ƙarfen tokara tun yana ja, ya dafa jiƙaƙƙen tsumma a kewaye. Waldar tsawon taƙi ɗaya na iya cin masa rabin awa. Kada kuma a kawo kwanon rufi ko jikin tsohon firji a ce faci ne. Duk ƙarfen da aka yi wa rufin tutiya, a gurje tutiyar kafin wuta ta taɓa shi, hayaƙinta na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Madarar da masu walda ke sha bayan aiki ba ta hana komai, iska da takunkumi ne maganin.

Sanholo

Asarata ta biyu a nan take. Na bar wa wani yaro fenda ya cire mata fenti, ya jiƙa ta da soda mai ƙuna irin wadda ake wanke ƙarfe da ita. Kafin na dawo daga sallar la'asar tana tafasa tana kumfa, gefe guda ya zama kamar takarda. Soda mai ƙuna na narkar da sanholo. Feshin yashi mai ƙarfi na lanƙwasa shi. Buroshin ƙarfe na bar masa ƙwayoyin da za su ci shi daga baya. Abin da yake so shi ne maganin cire fenti na gwangwani, abin kankara na roba ko katako, da samfefa mai laushi da ruwa.

Ciwon sanholo farin gari ne, kuma kusan kullum inda ya haɗu da ƙarfe yake fitowa. In ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu da damshi a tsakani, sai su zama kamar ɗan batir, sanholon ne ke narkewa. Duba gindin ƙofofi, kewayen kowane noti, da ƙasan akwatin baya. A goge garin tas. Inda ya huje, a yanke, a sa facin sanholo ta baya da ribit na sanholo, da gam mai hana ruwa a tsakani.

Lotsawa kuwa, ba a far mata da gudumar ƙarfe. Sanholon nan yana taurara in ana bugunsa, in aka matsa ya tsage. Sai an tausasa shi: goga sabulun wanki a wurin, haska wuta mai laushi ta ɗaya fuskar kana yawo da ita, da zarar sabulun ya yi baƙi ka janye, ka bar shi ya huce. Kada ka jira ya yi ja kamar ƙarfe. Ba ya ja, sai dai ka ga rami, don wajen digiri 650 yake narkewa ba sallama. Bayan nan gudumar katako da buhun yashi a ƙasa. In ya sake tauri, a sake sabulu. Ni dai ban bi kowace 'yar lotsawa ba. Motar da ta yi aikin soja ta yi na gona, in ta fito sumul kamar kwalba sai ta zama wata.

Ƙofa aiki biyu ce a haɗe: fatar sanholo da aka naɗe bakinta a kan firam na ƙarfe. A tausasa bakin, a buɗe shi sannu a hankali, a zare firam, a sauya gindinsa da ya ruɓe, a yi masa fenti ya bushe sarai, sannan a mayar da fatar.

Fenti

Ƙarfen da aka gurje kada ya kwana tsirara. A goge da tina, a sa firaima ran nan. Ta ifoksi mai haɗi biyu ta fi, jan fentin nan na ƙarfe shi ne na talaka, yana yi in aka rufe shi da fenti na sama da wuri. Sanholo nasa daban ne, sai firaima mai ɗan cizo da aka yi dominsa, in ba haka ba fentin zai saɓule kamar fatar maciji bayan bazara ɗaya. A bi duk layin walda da gam na toshe haɗi. Fila in ta zama dole, a kan wurin da aka gyara, kada kaurinta ya wuce milimita 2 zuwa 3.

Matsalarmu a nan ƙura ce. Fentin da aka fesa da azahar a watan Janairu samfefa yake zama. A zagaye rumfa da leda, a jiƙa daɓe, a fesa da sassafe kafin iska ta tashi. Tsakiyar ranar Maris da Afrilu ma ba ta yi, fenti na bushewa tun bai sauka ba. Kowane sashe a fesa shi daban kafin haɗawa, ciki da waje. Mai haɗi biyu gubarsa ta fi ƙarfin takunkumin tsumma. Ni na zaɓi ruwan madara, wanda kamfanin ke kira Limestone, yana cikin launukansu na asali kuma ba ya ɗaukar zafi. Ƙarafan nan masu ruwan toka da suka bi saman akwatin baya da firam ɗin gilashi tutiya ce a jikinsu, a wanke su a bar su haka.

Cikin cesis, da mayar da kaya

Bayan an gama duk walda da fenti, sai a koma inda ciwon ya faro. Buɗe ramukan tsiyayar ruwa da ke ƙasan cesis, inda babu a huda mai milimita 10 a mafi gangaren wuri. A fesa kakin hana tsatsa ta dogon tiyo har ya ɗigo ta kowane rami, haka cikin ginshiƙan bango da firam ɗin ƙofa. In bai samu ba, sabon man giya da aka narka giris a ciki, a fesa da ɗuminsa da rana tsaka. Baƙin mai da aka juye daga inji ya fi babu, amma yana da tsami, yana cin roba, kuma zai yi ta ɗiga a ƙofar gida har maƙwabta su yi magana.

Wajen haɗawa, duk inda sanholo zai taɓa ƙarfe a raba su: fenti a fuska biyu, da yankin tsohon tub a tsakani, da giris a jikin noti. Ɗora bango da akwatin baya, notina a sake. Ɗauko awon nan na littafi ka daidaita tazara. Rataya ƙofofi, ka ja zare daga fendar gaba har ƙarshen akwatin baya a kan layin kumburin nan da ya bi gefen motar, ka riƙa cusa washa ƙarƙashin bango ko akwati har layin ya miƙe. Sai ƙofa ta rufu da turin yatsa biyu sannan a ɗaure komai tamau. Mu kwana huɗu wannan ya ci mana, ƙofar hagu ce ta yi ta gardama. Sabon bututun birki, ba tsohon ba. Duk inda wayar as, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, za ta zauna a kankare fentin har ƙarfe, in ba haka ba za ka kunna sigina fitilar birki ta amsa.

Daga nan abin da ya rage na shekara-shekara ne. Duk ƙarshen damina a zura tiyo cikin cesis a wanke laka, a tsokane ramukan tsiyaya da waya, a bar ta ta bushe, a ƙara mai. In an ɗauki taki, a shimfiɗa leda, a wanke akwatin ran nan. Tawa yanzu a rumfar kwano take kwana, a kan siminti. A Oktoban da ya wuce, bayan zuwa Yankari sau biyu da zirga-zirgar gona, na shimfiɗa buhun na kwanta da gudumar da Baba ya bar mini. Hannun da ke ƙarƙashin tankin dama ya ɗan canza murya, na zagaye shi da alli.